Tambayi Kawu: Wai Itace Da Fenti Ne Ke Ba Garayar Turawa Murya?

Tambaya ta farko, daga wani kafinta a Jidda

Salamu alaikum Kawu, barka da aiki ya iyali. Ni kafinta ne anan Jidda, shekarata goma sha ɗaya a warsha ɗaya, wato shagon kafinta, muna yin ƙofofi da kabad da kujerun majalisi. Satin da ya wuce wani bawan Allah da muke wa aiki ya kirani gidansa ya nuna min wani abin kiɗa na 'yarsa, ƙato ne tsayinsa ya kai nawa, tsirkiya kusan hamsin, yace sunansa harb. Ja ne kalar mahogani. Fentin jikinsa yayi tsage-tsage sirara kamar fason ƙafa, toh shine yake so in kankare shi duka da sanfara, wato takardar goge katako, in maida shi baƙi in fesa masa lakar mai ƙyalli, wai yarinyar taji ance baƙin yafi murya mai kauri. Kuɗin da ya ambata wallahi ba laifi. Dan Allah Kawu gaskiya ne kala da irin itace suna canza murya? Kuma in na fesa zai lalace?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin komai ka ajiye sanfarar nan tukuna, ka zauna muyi magana, dan naga alamar ana shirin neman gira a rasa ido.

Abin da ka gani shine wanda Turawa ke ce wa haf, mu kuma bamu da suna sai dai muce garayar Turawa. Babban na dandali tsirkiyarsa 47 ne, yana da abin takawa guda 7 a ƙasa da ake canza sauti dasu, tsayi wajen mita 1.8, nauyi kilo 36 zuwa 40. Wani Bafaranshe Sébastien Érard shi ya inganta tsarin takawar nan a Landan a 1810 kuma har yau akansa ake tafiya. Amma lissafin da nake so ka riƙe a kanka a matsayinka na kafinta shine wannan: in aka ɗaure tsirkiyoyin nan duka aka saita su, jan da suke yi wa itacen ya kai wajen kilo 900. Ya'ani buhun shinkafa mai kilo 50 guda 18, dare da rana, ko ana kaɗawa ko ba'a kaɗawa. Kuma ba kan wani ƙarfe suke rataye ba, a jikin wani falanki siriri aka cusa su.

Toh wannan falankin shine maganar gaba ɗaya. In ka koma gidan ka duba, akwatin da mai kaɗawa ke jinginawa a kafaɗarta yana da fuska shimfiɗaɗɗiya inda tsirkiyoyin suka shige a jere ta tsakiya. Tsirkiya ita kaɗai bata da murya, ka ɗaure waya tsakanin ƙusa biyu a bangon siminti ka taɓa ta kaji, ƙarar sauro ma ta fi ta. Sai ta girgiza wani abu mai faɗi mara nauyi, shi kuma ya tura iska, sannan kunne ya samu. A gurmi da goge fata ce ke wannan aikin, a haf falanki ne. Kuma kusan duk manyan masu ƙera shi itace ɗaya suke sawa a wajen, wani dangin itacen suwaidi da kuke yanka a warsha amma na musamman, sunansa sufurus. Kamfanin Lyon & Healy na Shikago, wanda ya fitar da haf ɗinsa na farko a 1889, yana amfani da sufurus ɗin Sitka na gaɓar yammacin Amurka ta Arewa. Salvi na Italiya kuma daga kwarin Fiyemme suke samo nasu, dajin da ake danganta shi da masu gogen Turawa na garin Kiremona tun zamanin da. Dalili kuwa itacen bashi da nauyi amma yana da tauri ta tsawonsa, mita ɗaya ta kowane gefe bai wuce kilo 400 zuwa 450 ba, alhali baƙin itacen nan abanus ya haura kilo dubu. Sauti yana gudu a cikinsa sama da mita 5,000 a daƙiƙa, a iska kuwa 343 ne kacal. Ana zaɓen wanda ya girma a hankali cikin sanyi, layukansa a matse a miƙe ba gaɓa, a busar dashi shekaru, sannan a fere shi yadda ƙasan wajen manyan tsirkiyoyi zai kai kaurin santimita ɗaya haka, yana sirancewa yana sirancewa har saman ya koma milimita biyu zuwa uku.

Milimita biyu zuwa uku fa ɗana. Kai ka san abinda sanfara mai inji take ci a wucewa ɗaya in hannu ya ɗan yi nauyi.

Yanzu maganar kala. Abinda mutane da yawa basu sani ba, kuma masu sayarwa basa saurin faɗa, shine a irin wannan babban haf ɗin, ja da baƙi da ruwan goro da farin itace yawanci gangar jikinsu ɗaya ce. Ginshiƙi da wuya da bayan akwati da itace mai tauri ake yinsu, mafal ko kuma zan wanda ka sani sarai, kuma wuyan da bayan akwatin falle-falle ne aka manne da gam kamar ablakash (filawud) mai tsada dan kada jan nan na kilo 900 ya murɗe su. In ance maka haf na mahogani ko na abanus, sau da yawa rini ne aka shafa wa mafal ɗin, in anyi ƙoƙari a lulluɓa masa ɓawon itacen da bai kai milimita ɗaya ba. Riga ce kawai. Kai da kake rina ƙofar zan ta koma kamar mahogani kullum ba sai na maka dogon bayani ba. In ka canza wa mai waƙa riga daga ja zuwa baƙa maƙogwaronsa na nan yadda yake.

Akwai wani maƙerin jita ɗan Sifen, Antonio de Torres, da gardamar nan ta isheshi, sai a 1862 ya ƙera jita yasa mata fuskar sufurus mai kyau, baya da gefe kuma yayi su da kwali. Kwali fa, irin na takarda. Kuma tayi murya. Tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Ni duk lokacin da wani ya fara min wa'azin kalar itace wannan jitar nake tunawa.

Amma kada in zalunci yarinyar, ba daga sama ta tsinci maganar ba. Masu kaɗa haf da yawa, ƙwararru ma, zasu rantse maka cewa baƙi yafi kauri, farin itace yafi zaƙi da tashi sama. Ni abinda na ɗauka shine abu biyu ne suka haɗu. Na farko ba haf biyu da suke da murya ɗaya ko da samfuri ɗaya ne kala ɗaya, rana ɗaya suka fito daga masana'anta, saboda falankin kowanne daga bishiya daban yake ko ɓangare daban na bishiyar, toh in mutum ya taɓa baƙi guda biyu ya dace masu kauri ne shikenan ya yanke hukunci har ya koya wa ɗalibansa. Na biyu kuma ido yana riga kunne. Mu muna cewa gani ya kori ji, anan kam gani ruɗa ji yake. A 2010 a garin Indiyanafolis wata mai bincike Claudia Fritz da abokan aikinta sun tara ƙwararrun masu gogen Turawa 21, suka sa musu baƙin tabarau irin na masu walda a ɗaki mai duhu-duhu, har turare aka ɗiga a jikin gogen dan kada hanci ya gane tsohon itace, aka basu guda 6, uku sababbi uku tsofaffin Italiya ciki harda na shahararren maƙerin goge Stradivari guda biyu masu kuɗin da zai sayi unguwa. Wanda aka fi zaɓa sabo ne, wanda aka fi ƙi kuma na Stradivari ne. In wannan ya faru da waɗannan, ina ga ni da kai.

Inda itacen jiki yake da ɗan tasiri da gaske shine ƙananan haf marasa abin takawa, masu tsirkiya 26 zuwa 36 haka, waɗanda ake yin akwatinsu da itace zalla ba manne-manne. A can kam in aka yi ɗaya da mafal ɗaya da itacen gyaɗar Turawa da Larabawa ke ce wa jauz, kunne mai kyau yana iya jin bambanci, na mafal yafi kaifi. Shima ɗin ɗan gishiri ne a miya, ba shine miyar ba.

Sai lakar. Anan ne amsata ta koma eh, yana canza murya, amma ba ta hanyar da mai gidan ke zato ba. Ba kalar ce ke aiki ba, kauri ne da nauyi, kuma a kan fuskar falankin nan. Duk abinda ka shafa masa ka ƙara masa kaya kuma ka ɗaure shi, in siriri ne ba komai yana ma kare shi daga datti da gumin hannu da canjin laima, shi yasa masana'anta suke fesa shi sama-sama a lissafe. In yayi kauri irin yadda muke zuba wa teburin cin abinci har mutum yaga fuskarsa, sai falankin ya kasa rawa, musamman saman nan mai milimita biyu, ƙananan tsirkiyoyi su koma ƙwas ƙwas ba amo.

Ba a littafi na karanta wannan ba, a jikina naji. Shekarun baya na sayi wani tsohon udu, garayar Larabawa, a haraj, kasuwar kayan gwanjo, fuskarsa duk tayi duhu da tabon hannu, amma in ka taɓa shi sai kaji har cikin ƙirji. Raina ya raya min in gyara shi yayi kyan gani. Na samo warnish na ƙofa na shafa masa hannu uku, ina bari ya bushe ina ƙarawa, ya fito yana walƙiya kamar motar ango. Na ɗaura tsirkiya na kaɗa, sai naji kamar mai mura yana magana cikin bargo. Na kai wa wani dattijo mai gyaran udu, ya juya shi ya kalli fuskar ya kalleni, bai ce min komai ba sai da ya gama shan shayinsa, sannan ya nuna min waɗanda ke rataye a shagon yace in duba ko akwai wanda aka shafa wa fuska irin haka. Babu. Bayansu duk yana ƙyalli, fuskar kuwa kusan tsirara ake barinta. Ya kankare abinda zai kankaru amma muryar bata dawo duka ba dan itacen ya riga ya sha.

Tsagewar da kace kuwa, in sirara ce kamar gashi a saman lakar kawai, yawanci sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ne da zafin waje suke ja-in-ja da ita, itace yana kumbura yana motsewa lakar kuma ta tsufa ta kasa binsa. Muni ne a ido amma bata taɓa murya. Haka in kaga fuskar falankin ta ɗan yi tumbi ta inda tsirkiyoyi ke ja, ba ciwo bane, kowane haf yana yi in ya kwana biyu. Wanda zai tada hankali shine in kaga falankin yana rabuwa da gefen akwatin ta ƙasa, ko sandar tsakiya da tsirkiyoyi suka bi ta cikinta tana ɗagowa, ko wuyan ya karkace gefe sosai. Wannan kuma ba aikinmu bane ni da kai.

Ka kuma tuna kafin ka fesa shi yadda ya kamata sai an sauke tsirkiya 47, an cire injin tagullar da ke cikin wuya mai ƙananan ƙarafa sama da dubu, sannan a mayar a saita kowacce ɗaya bayan ɗaya. Sabon irinsa daga manyan kamfanonin nan da wuya ka samu ƙasa da riyal dubu 50, wasu sun ninka haka sau uku sau huɗu, kuma ranar da aka ce an sake masa fenti a warshar ƙofofi darajarsa ta faɗi ko da aikin yayi kyau. In ya lalace a hannunka kai baƙo ne a ƙasar mutane, kuɗin aikin ba zai biya ko rabin rigimar ba. Ka koma ka gaya wa mai gidan cikin ladabi a bar kaza cikin gashinta. In yarinyar murya mai kauri take nema ta fara canza manyan tsirkiyoyin ƙarfe na ƙasa in sun shekara biyu uku, ta matsar dashi daga kan kafet mai kauri da jikin labule, ta kuma tambayi malamarta yadda take jan tsirkiya da tsokar yatsa. Wannan ukun kowanne yafi fenti aiki.

Tambaya ta biyu, daga wata baiwar Allah a Riyad

Kawu ina wuni. Gidan da nake aiki sun taso daga Jidda zuwa Riyad wata huɗu kenan, suna da irin garayar nan babba kuma nice mai goge ta. Tunda muka zo tsirkiya uku ta tsinke da kanta cikin dare har na tsorata, uwar ɗakina kuma tace muryar ta canza tayi kaifi, tana zargin ko man goge katako da nake fesawa ne. Sannan tace zata sayar ta sayi mai zinare wai yafi murya. Laifina ne Kawu?

Amsa

Lafiya lau 'yata, kwantar da hankalinki ba aljanu bane kuma tsinkewar ba laifinki bane. Riyad ce. Jidda bakin teku ce laimar iska takan haura kashi 60 cikin ɗari, Riyad kuwa da zafi takan sauka ƙasa da 15, ga mukayyif yana ƙara tsotse ɗan abinda ya rage. Shi kuma wannan abin yafi son 40 zuwa 60. Tsirkiyoyin tsakiya da hanjin dabba ake yinsu, suna shan laima suna saki kamar fatar ganga, in yanayi ya juya musu farat ɗaya sai tas cikin dare lokacin da ɗaki ya canza sanyi. Itacen ma ya bushe ya ɗan motse, shine kaifin da uwar ɗakinki take ji, kunnenta ƙalau yake, dalilin ne ta ɓata. A sayi ɗan agogon auna laima, ba tsada, da na'urar da ke fesa tururin ruwa a ɗaki, a kuma janye shi daga saitin iskar mukayyif da taga mai rana. In gidan akwai mukayyif sahrawi mai aiki da ruwa, ɗakin da yake yafi masa.

Amma man feshin nan ki daina. Ba shi ya canza murya ba a wata huɗu, sai dai yana taruwa yana danƙo, yana shiga ramukan tsirkiya da cikin injin, wani ma yana hana gyara kamawa nan gaba. Ƙyalle mai laushi busasshe ya isa. Kuma in ana turaren wuta kada a ajiye kaskon a gindinsa, na san halin gidajen nan.

Zinare kuma, toh, mai kuɗi shi ya san inda yake masa ƙaiƙayi. Na gaske ne ba ƙarya, ganyen zinare ne wajen karat 23 ake mannawa da hannu, amma siririn da sai kin jera wajen dubu goma kafin kiyi kaurin milimita ɗaya, kuma yawanci a ginshiƙi da gindi da kambin sama ake sa shi inda aka yi sassaƙa, ba a falankin da ke bada murya ba. In mai zinare yayi daɗi falankinsa ne mai kyau. Ke dai in an kawo shi kada ki goge wajen zinaren da ƙarfi ko da jiƙaƙƙen tsumma, fita yake, kuma ranar ce za'a ce laifinki ne da gaske.

Tambaya ta uku, daga wani matashi ɗan Mai Wurno mazaunin Kasala

Kawu gaisuwa da fatan alheri. Ni ina taɓa tambur irin na nan Sudan mai tsirkiya biyar, nawa ya baro ni a gida da muka taso saboda halin da ake ciki. Ina so in haɗa wani da hannuna. Wane itace zan nema dan yayi murya, kuma in shafa masa fenti?

Amsa

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ɗana, ya maida kowa ɗakinsa lafiya. Kai naka mai sauƙi ne dan falankinka fata ce. Ai ka gani da idonka ana yin tambur da akushin itace ana kuma yinsa da kwanon ƙarfe na cin abinci, duka suna tashi, mu ma can gida kuntigi da gwangwanin kifi ake yinsa a rufe da fatar akuya kuma ya cika fili. Kora ta mutanen Gambiya da Senegal da Mali mai tsirkiya 21, wadda ita ce 'yar uwar haf ta kusa a wajenmu, ƙwarya ce da fatar saniya. Toh ƙarfinka ka sa shi wajen fata: ta akuya tafi siriri tafi zaƙi, ta saniya tafi kauri da juriya amma sai ka sa hannu sosai, ka jiƙa ta ka ja ta daidai ta kowane gefe, kada wani ɓangare ya fi wani, ka barta ta bushe a inuwa ba a rana tsaka ba. Kwano mai zurfi yafi bada amo, na ƙarfe yana da ɗan ƙara-ƙara wanda wasu ma shi suke so.

Sandunan hannu biyu da ta sama su kam tauri ake nema da bushewa, sunut wato bagaruwa tayi, aduwa ma da suke ce wa hijlij tayi, kada dai ka sa ɗanye dan zai lanƙwashe saiti ya dinga zamewa. Su ka shafa musu duk abinda ranka ke so, ka rataya musu wuri da geza ma in kana da su. Fatar ce banda fenti banda mai, in tayi sanyi da damina ka ɗan nuna mata rana ko ka riƙe ta nesa da garwashi ta miƙe. Wayar burkin keke in ka warware ta tana bada tsirkiya mai kyau in ba'a samu ta kanti ba.

In waya ta shiga ka gaida min mutanen Mai Wurno.